Orval Stidham da Malamar da Ta Tare Masa Hanya

Shekara talatin da huɗu Orval Stidham ya yi yana yankan katako a duwatsun Carolina ta Arewa a Amurka, har ƙarar injin ta cinye masa kunne ɗaya. Duk garin an san ba sa ga maciji da Loretta Pruitt, malamar firamare, tun ranar da ta zauna a gaban motarsa don kada a sare dajin da tsuntsaye ke sheƙa. Ya sare ɗin kuwa, gaisuwa ta mutu a tsakaninsu.

Bayan rasuwar matarsa Orval ya daina fita. Abincinsa wake na gwangwani, hirarsa talabijin.

Wata safiya a farkon Afrilu aka buga masa ƙofa. Loretta ce, da sanda da filas na kofi. Ta ce idonta ya yi rauni, likita ya hana ta hawan dutse ita kaɗai, kuma kaf garin babu wanda ya san hanyoyin kamarsa.

"Malama, kin rasa wanda za ki nema sai ni?" in ji shi.

"Kai ka kore min tsuntsaye, kai za ka nemo min su. Sa takalmi."

Suka kama hawa, sanyi na ratsa safar hannu, sauran ƙanƙara na ƙaras-ƙaras a ƙarƙashin ƙafa. Sau uku yana tsayawa da sunan gyara igiyar takalmi, alhali numfashi ne ya gaza. Can wajen wani rafi ta kama hannun rigarsa, ta ce akwai tsuntsu mai kuka ta hagu, sama kaɗan. Shi bai ji komai ba. Ta miƙa masa madubin hangen nesa, ya yi ta lalube har ya same shi a kan reshe: kai shuɗi-shuɗi, ciki fari, da farin zobe kewaye da ido.

"Tabarau gare shi irin naki."

Ta yi dariya har da tari, ta ce tsuntsun nan shi ne na farko da ya dawo a bana.

Tun daga ranar, duk Asabar sai sun hau. Da 'yarsa ta bugo waya daga birni tana tambayar wa ke kula da shi, sai ya ce Malama Pruitt ce, Allah Ya saka mata, sai dai kofinta ba ya shawuwa. Yanzu shi ke dafawa.