Kwanon da Kaka Ke Rufewa

Jiya a gidan aurena a Dutsin-Ma, na shiga da abinci dangin mijina na shawarar gona, sai kowa ya yi shiru. Wata ta ce, "Ku dakata, akwai bare." Na ajiye kwanon na fito, Kaka ta faɗo min a rai.

Daga ƙasar Maraɗi aure ya kawo ta ƙauyenmu Tamawa. A can ta tsufa, amma ba a daina ce mata bare ba. Kullum in ta kwashe tuwo sai ta rufe kwano ɗaya da faifai, wai na baƙo. Wani yammaci hadari ya haɗo, ƙasa na ƙamshi, na ce, "Kaka, wa zai zo yau? Ki ba ni mana."

"Kwaɗayayya! 'Yar nan, baƙo shimfiɗa ake masa, bare kuwa shiru ake masa. Na ɗanɗani shirun nan, ba za a yi wa kowa shi a ƙofata ba."

Yau ni ma na rufe kwano, ba wanda ya zo. Allah Ya haskaka kabarinta, Ya sa inda ta sauka an yi mata shimfiɗa.