Idon da Tsawa Ya Bayar Don Ganye

Ƙanin mijina, wanda muke kira Tsawa, tun yana yaro da baki yake fara magana, da hannu yake ƙarasawa. Ya yi dako, ya fasa wa ubangidansa hanci. Ya yi gadi, ya karya ƙafar ɓarawo, ya haɗa da ta ɗan mai gida. Sai da furfura ta fito ya samu aikin da ba a mayar masa da magana: renon dashen lemo da mangwaro cikin baƙaƙen ledoji a bakin titi. Da su yake ci.

"Gwauro, wa zai dafa maka yau?" nakan tsokane shi.

"Matar yaya, ko 'ya'yan nan nawa ba sa jiran mace. Ganye ne tukunyarsu, rana ce wuta. Saiwa ta kawo ruwa, ganye ya shaƙi iska, ya dafa abincinsa da kansa."

Sai wani mai buga bulo ya kafa injinsa a gefensa, ta inda iska ke tasowa. Ƙurar siminti ta lulluɓe ganyen, haske ya daina shiga, dashen suka fara komawa rawaya. Na ga ƙaton banza durƙushe da jiƙaƙƙen tsumma yana share ganye ɗaya bayan ɗaya, kamar mai goge wa jariri majina. Kafin yamma sun sake yin fari.

Abin mamaki, sai da Tsawa ya roƙi mai bulo. "Malam, matsa da injin can baya. Yunwa ke kashe su."

"Ba kana ba su ruwa ba? Bishiya da yunwa! Kai ne dai mayunwacin."

Tsawa ya ɗauki shebur ya shimfiɗa masa a kafaɗa. Mai bulo ya dumbuzo busasshen siminti ya watsa masa a fuska. Ko gani ba ya yi Tsawa ya cafke shi, ya gantsare masa kunne, ya murɗe hannunsa a bakin injin har muka ji ƙashi ya ce ƙaras. Jini a kan yashi, jini a kan ledoji. Da ƙyar aka ɓamɓare su.

Asibiti ya ɗauke su, daga nan 'yan sanda suka karɓa. Mai filin da suke kai ya kori mai bulo. Siminti kuwa ya cinye idon Tsawa na hagu.

Da ya dawo, dashen sun yi sabon toho, kore shar. Ya karkata kai yana kallonsu da ido ɗayan.

"Ido ɗayan ya isa?" na ce.

"Matsa, tsohuwa, kin tare musu rana."