Kunyar Surukina Ta Hana Ni Ƙirga Kuɗin Fito

A lokacin ina ɗan shekara talatin da ɗoriya, kuma ni ne shugaban mashigin ƙauyenmu a bakin kogi, kusa da birnin Sinnar, inda mu Hausawa 'yan tsiraru ne. Bantun ɗaya gare mu, wato jirgin fito mai inji, shi ke haye da mutane da jakai da buhunan albasa zuwa kasuwa. Ina ji da kaina ƙwarai, don kafin ni ba a taɓa ba Bahaushe wannan kujera ba. Ƙa'idar wurin tun zamanin Turawa take: bayan fiton ƙarshe shugaba ya buɗe akwatin kuɗi gaban mai karɓa, su ƙirga tare, ya sa hannu. Abin da ya ɓace bayan haka, a wuyan shugaban yake.

Da mai karɓar kuɗinmu ya bar aiki, matata ta roƙe ni in sa mahaifinta, don gonarsa ta daina ciyar da shi. Na sa shi, ina ganin na yi abin arziki. Ban hango yammacin farko ba. Mutumin da ba na faɗin sunansa, ba na cin abinci a gabansa, in zan gaishe shi sai na tuɓe takalmi na durƙusa, shi zan tsayar in ƙirga kuɗi kamar ina tuhumarsa? Ya miƙo mini akwatin, na sunkuyar da kai na ce Baba ya bar shi kawai. Ya ce in daure in duba, aiki aiki ne. Wallahi da bakinsa ya faɗa. Na ce ba komai, na sa hannu. Haka muka yi ta yi har damina biyu.

Ana tsakiyar cirar albasa injin bantun ya mutu. Mufattishi, jami'in da ke duba mashigai, ya zo ɗaukar kuɗin gyara, sai aka tarar fiye da rabin kuɗin fiton da na sa wa hannu babu. Ya ja ni gefe ya ce, "ya zol," wato bawan Allah, kowa a bakin ruwan nan ya san mai riƙe da akwati, in faɗi sunan in tsira da aikina. Na ce sa hannun nawa ne. Aka sallame ni, na sayar da hawashata, gonar da mahaifina ya bar mini, na biya. Bantun ya yi mako uku a ɗaure, albasar mutane ta ruɓe a bakin gaɓa ina gani.

Daga baya surukina ya faɗa wa matata cewa da kuɗin buhun taki ɗaya ya fara, da niyyar mayarwa, kuma kullum yana jiran in buɗe akwatin, ban buɗe ba. Bai sake taka gidanmu ba. Ya koma wurin ƙanensa a garin Hajj Abdalla, can ya rasu, 'ya'yana ba su san fuskarsa ba.

Har yau mutane na yaba mini, wai na rufa wa dattijo asiri. Yabon nan ciwo yake mini. Da na buɗe akwatin a makon farko, kunyar minti biyar za mu sha, ya ƙarasa rayuwarsa cikin jikokinsa. Duk wanda aka ba amana, kada ya sa wanda ba zai iya bincika ba a ƙarƙashinsa, in kuwa ya sa shi, ya rufe ido ya ƙirga. Ni na ɗauka girmama shi nake yi, ashe barinsa na yi shi kaɗai da akwatin.