Icen da Mama Ta Ɗauka a Ka

Har yau ba na gaida matar da gidanta ke kallon nawa a garin Bowie, nan ƙasar Turawa. In ta ɗaga mini hannu sai in mai da ido kan tayar motata. Shekara uku ke nan, ban kuma ga ranar da zan huce ba.

Bayan rasuwar babanmu na ɗauko Mama daga ƙauyenmu da ke bayan Pankshin, na ce ta zo ta huta. Hutun ne ya kusa kashe ta. Matar da tun tasowarta ba ta san zama ba, ga ta a kujera tun safe har in dawo daga asibitin da nake aikin jinya. Inji ke wanki, inji ke wanke kwanuka, Turanci kuma ko na gaisuwa ba ta ji. Da sanyi ya shigo sai ta tsani hita, wai tana busar mata da maƙogwaro, wai zafin da ba a ganin wutarsa ba zafin kirki ba ne. Akwai murhu a bangon falo da ban taɓa kunnawa ba. Na sa aka share bututun hayaƙinsa, na yi odar itace ta waya.

Mai kawowa ya zo ranar Talata ina shirin fita aiki, wani ƙato mai gemu, fuska a murtuke. Bai amsa gaisuwa ba. Ya yi baya da mota, ya ɗaga bodi, ya zazzage tsibin faskare a bakin titi, rabi a kan ciyawata. Na roƙe shi ya kai bayan gida, ya ce kawowa ce aikinsa, jerawa ba ta shafe shi ba. Mama ta fito da kofin ruwa a kan faranti ta miƙa masa da hannu biyu, yadda ake yi wa duk wanda ya sauke kaya a ƙofar gida. Ko kallonta bai yi ba, ya ja motarsa. Na raka shi da zagin da ban taɓa yi a gaban uwata ba, sannan na ce mata ta bar icen nan sai Asabar mu kwashe tare.

Da na dawo da yamma tsibin ya ragu sosai. Ashe Mama ta naɗe tsohon zani ta yi gammo, ta yini tana jigila. A bayan gida ta fara jeri irin wanda matan garinmu ke yi kafin Kirsimeti, manya a ƙasa, ƙanana a sama, baki ɗaya tsaf, don mai wucewa ya san akwai mace a gidan. Ta ɗauki guda biyu ta buga da juna ta ce, "Ji ƙara. Mutumin ba shi da tarbiyya, amma icensa busasshe ne." Ranar ta cinye tuwo malmala biyu, tana ta waƙoƙin sujada a kicin. Rabon da in ji muryarta haka tun Baba na da rai. Na yi dariya na ƙyale ta.

Ranar Juma'a aka ƙwanƙwasa ƙofa. Wata ma'aikaciya ce daga ofishin da ke kula da lafiyar tsofaffi, da jakar takardu a hammata. An kai ƙara, har da bidiyo: tsohuwa a cikin sanyi, da zani da silifa, ana sa ta dakon itace a ka tun safe, 'yarta kuma ta shige mota ta tafi. Cin zarafin tsohuwa ake zargina da shi. Ma'aikaciyar jinya in aka manna mata wannan a suna, lasisinta ya tafi, kuma ba asibitin da zai ƙara buɗe mata ƙofa.

Ba ta yarda in yi fassara ba. Ta kira tafinta a waya, wani mai Hausar Kano, ni kuma aka ce in koma kicin. Ina jin komai.

"Baba, ana tilasta miki wannan aikin ne?"

Mama ta tuntsire da dariya. "Wa zai tilasta ni? Ni na haife ta fa."

"Kina fita inda kike so?"

"Ina zan je? Ban san kowa ba."

"Ina fasfo ɗinki?"

"Yana wurinta. Ita ke ajiye komai."

Duk gaskiya ta faɗa, kuma kowace amsa na ji alƙalamin matar nan yana gudu a takarda. Ita ba ta yi mini rashin mutunci ba, aikinta take yi. Ta duba ɗakin Mama da firji da magungunanta, ta ce za ta dawo, ba a rufe maganar ba tukuna.

Ba ta faɗi wanda ya kai ƙara ba, amma taga ɗaya ce ke kallon ƙofata. Tana tafiya na tsallaka titi ko rigar sanyi ban sa ba. Maƙwabciyar ta buɗe ƙofa kaɗan, da sarƙa a jiki, tana wani karya murya, wai tausayin tsohuwar ne ya kama ta. Na ce, "Kwana uku kina leƙe ta labule. Da tausayi ne, me ya hana ki tsallako ki ɗaukar mata ko guda ɗaya? Me ya hana ki tambaye ni?" Ta ce in bar mata ƙofa ko ta kira 'yan sanda. Munafuka, 'yar sa ido.

Na juyo, sai ga Mama a bakin titi da gammo a ka, ta durƙusa tana haɗa sauran icen. Ita a wurinta baƙuwa ta zo ta tafi, aiki kuma bai ƙare ba. Na fizge gammon na yi jifa da shi. Na san na bar jaki ina dukan taiki, amma bakina ya riga ya ƙwace.

"So kike a kore ni daga aiki? So kike a ɗaure ni? Kada ki ƙara taɓa icen nan! Ki shiga ciki ki zauna, abin da na ce ki yi ke nan!"

A titi na faɗa, da ƙarfi, a gaban tagar da nake tsoro. Mama ta miƙe a hankali ta karkaɗe hannuwanta a zani. Ba ta ɗaga murya ba.

"To, 'yata, me kika kawo ni in yi?"

Ta shiga ciki ta zauna, kamar yadda na ce. Bayan wata guda aka rufe binciken, lasisina bai taɓu ba. Ranar da na kawo mata labarin ina murna, ta bari na gama, ta ce mun gode Allah, sannan ta ce in ɗauko mata fasfo ɗinta.