Jinin Rabi da Ya Fito Kamar Madara

Har gobe ban manta da wata Laraba cikin kakar auduga ba, a farkon shekarun tamanin, ina ƙaramar ma'aikaciya a ɗakin gwaje-gwajen wani asibiti a ƙasar Malumfashi. Lokacin muna auna kitsen jinin masu juna biyu, in sun haihu kuma mu auna na jariri daga jinin cibiya. Ƙa'ida ɗaya ce: mace ta zo da safe ba ta karya ba, don abinci mai maiƙo yana ɗaga awon.

Aka kawo mini jinin wata Rabi daga wani ƙauyen Bakori, cikin fari, wata takwas. Da na juya shi a na'ura, ruwan da ya taso sama bai fito garau ba, sai fari kamar madara. Sabon likitanmu, mutumin kudu mai ƙwazo, ya rubuta a hana ta man shanu da nono da gyaɗa har ta haihu. Ni kuwa na ga Rabi da idona: siririya, cikin ma bai kai watanninsa girma ba. In aka janye mata waɗannan, me ya rage? Tuwo da kuka. Raina ya ɓaci.

Na tambayi nas wa ke wurin da aka tambayi Rabi ko ta karya. Ta ce uwar mijinta na tsaye a kanta, Rabi kuwa ta ce ba ta karya ba. Nan na kama bakin zaren. Ina mai cikin fari za ta buɗe baki gaban suruka ta ce ta ci?

Na ja Rabi bayan ɗaki. Na ce, "Ƙanwata, tsakaninki da Allah, me kika ci?"

Ta sunkuyar da kai. "Ɗumame ne, Yaya, da man shanu. Sai fura da kindirmo."

Na kai wa likita maganar. Bai ji daɗi ba, amma ya yarda a sake. Washegari, kafin ta karya, na ɗebi jinin da kaina, tsohuwa na zaune a waje. Ya fito garau. Kitsen ya ɗan hau, irin hawan da yake yi wa kowane tsohon ciki. Likita ya yage takardarsa.

Rabi ta ci gaba da shan furarta, ta haifi namiji, awon jinin cibiyarsa lafiya lau. Shi ya sa nake gaya muku, na'ura ba ta ƙarya, amma ba ta san kunya ba. Kafin ku tambayi mace, ku duba wanda ke tsaye a kanta.