Yadda koyon Turanci ya kusa ja mini sunan infoma

Wasu shekaru can baya, ina shirin shiga intabiyu ta aikin koyarwa a Gummi, abokina ya saka ni a wani zauren WhatsApp na masu gyaran Turanci. Ni a ganina na iya. Sai da malamin zauren ya saurari muryata ya ce kalma guda nake maimaitawa har ta gaji, kuma jimlolina kowace zaman kanta take yi kamar 'yan marina. Ya shiga koya mana yadda ake kauce wa maimaici, da ɗaure zance da zance, da danna magana ta yi nauyi.

To a garinmu Adabka lokacin ba a samun sabis sai a kan wani tudu bayan gari, ta wajen daji. Bayan la'asar sai in hau babur in nufi can, in toshe kunne da abin sauraro, in yi ta surutu ni kaɗai. Rannan malam ya ce kowa ya bayyana garinsu da baki, ya turo murya. Ni kuwa sarkin son burgewa na zage: hanyar Bukkuyum, ranar kasuwa, inda shanu ke shan ruwa, ban bar komai ba. Ko kaɗan ban tuna cewa ba a daɗe da kore shanun maƙwabcinmu ba, kuma a garin, kowa kallon kowa yake yi.

Gaisuwa ce ta fara gajarcewa. Mai shayin da kullum yake tsokanata ya koma miƙo mini kofi ba magana. Inna ta tare ni a tsakar gida ta ce, "Kai, da wa kaka magana can bisa tudu?" Na ce karatu nake yi. Ta ce, "Wane irin karatu na babu littahi?" Na yi dariya na wuce abina.

Dariyar ta ƙare ranar da kawuna ya zo da hantsi. Ya ce, "Tashi mu tai gidan mai unguwa. An ce an jiya ka kana hwaɗin sunan gari da na hanya cikin yaren da ba a ganewa." Kowa a yankinmu ya san abin da kan sami wanda aka kira infoma, mai kai wa ɓarayin daji rahoto, kuma ba kullum ake jiran bincike ba.

A zauren mai unguwa aka ajiye wayata a tsakiyar tabarma, aka kira wani tsohon hedimasta ya fassara. Ana kunna muryata yana mayarwa Hausa, ni kaina da na ji ta a bakinsa sai da na ji tsoron kaina. Maƙwabcin nan namu ya ce, "To mi ya kai mashayar shanu cikin karatu? Wa kaka kwatanta ma ita?" Na rantse, ba wanda ya ɗago kai. Sai hedimasta ya kunna muryoyin sauran 'yan zauren namu na WhatsApp, wata na bayyana unguwarsu a Zariya, wani na lissafa rijiyoyin ƙauyensu. Aka kira malamin namu a waya ya yi bayani da Hausa kowa na ji. Mai unguwa ya ce ba ni da laifi, amma kada a sake ganina a tudun.

Aikin dai na samu, kuma ban riƙi maƙwabcinmu a zuci ba, don wanda maciji ya sara in ya ga tsumma sai ya gudu. Abin da na fahimta shi ne wanke mutum a gaban jama'a abu ne mai sauƙi, amma zargi ba ya fita duka. Har yau yana yi mini ciwo. In na je gida na zauna a majalisa, ana cikin zancen wanda zai kai shanu kasuwa gobe, sai in ji wani ya ce, "Bana dai damina ta yi kyau."