Malam Barmo da Gada Mai Hula

Haihuwa da tasowa

An haifi Malam Barmo Kafinta a shekarar 1939 a ƙauyen Tankari, mahaifinsa shi ne Malam Illa masassaƙi, mahaifiyarsa kuwa Barira. Ya sauke Alƙur'ani a 1953, kodayake malaminsa ya shaida cewa ya fi ƙwazo wajen gyaran allo a kan karanta abin da ke jikinsa.

Sana'a da iyali

A 1962 ya auri Nana Khadija, ya kuma buɗe rumfar kafinta a bakin rafin da ya raba garin da gonaki da maƙabarta. Sau uku ya gina gadar katako a kan rafin, a 1971 da 1980 da 1988, sau uku ruwan sama yana ruɓar da ita. Ta ƙarshen ta rufta da jakin mai gari. Jakin ya fito lafiya, amma Malam Barmo ya fito da laƙabin Barmo Gadar Rani. Da shi ake dariyar, sai dai tun da gawar mahaifiyarsa ta kwana a gida a daminar 1992 ana jiran ruwa ya janye, abin yake ci masa rai.

Zuwansa Guangzhou

A 1997 babban ɗansa Abdulbaƙi, mai saro tufafi a kasuwar Baima ta birnin Guangzhou a ƙasar Sin, ya tafi da shi can don ya ga duniya. Bai ga komai ba sai ƙofofi da ƙafafun kujeru, har ranar da idonsa ya faɗa kan wata kalanda a gidan abinci a unguwar Sanyuanli, mai hoton gadar katako da rufi kamar zaure. Ya ce ba zai koma gida ba sai ya taka ta. Alidu, mutumin Kumasi mai lodin kaya da ke jin Sinanci, shi ya raka shi tafiyar yini guda a mota zuwa wani ƙauye cikin duwatsu, inda suka tarar da tsohon da ke kula da gadar.

"Tambaye shi, ina ƙusoshin?" in ji Malam Barmo.

"Meiyou," in ji tsohon, wato babu.

"To rufin fa? Don masu wucewa su sha inuwa?"

Tsohon ya yi dariya har da tari. Alidu ya ce, "Baba, wai rufin na gadar ne, mutane albarkacinta suke ci. Katakon da ruwa ba ya kwana a kansa zai ga jikan jikanka."

Malam Barmo ya ce, "Shekara talatin ina yi wa kaji rufi, ban taɓa tunanin yi wa gada ba."

Kwana tara ya yi a ƙauyen, shi da tsohon ba mai jin wani, hannu ne kawai ke magana, har ya koyi yadda ake fafe katako a cusa masa ɗan'uwansa su riƙe juna. Da aka zo loda kwantena a tashar jiragen ruwa ta Huangpu, sai da aka sauke dilar riguna guda don a sami wurin wata 'yar gada mai tsawon kamu biyu da suka sassaƙa tare. Abdulbaƙi bai daina mita ba har Legas.

Gada ta huɗu

A ranin 1998 ya fara aikin da itacen ƙirya da azara, ya rufe da kwano. Mutanen gari suka taru suna cewa yanzu kuma gada aka saka wa hula. Damina ta zo ta wuce, ta 1999 ma haka, kuma kafin a ankara masu tsokanar ne suka mayar da gadar majalisarsu ta yamma.

Rasuwarsa

Allah Ya yi masa rasuwa ranar wata Juma'a a watan Agustan 2011, rafi cike maƙil. An ɗauko shi bayan la'asar, suna tsakiyar gadar sai ruwa ya kece, sai aka tsaya da makarar a ƙarƙashin rufin har ruwan ya ɗauke, ko ɗigo bai taɓa likkafaninsa ba. Kafin magariba aka binne shi kusa da mahaifiyarsa.

Ya bar 'ya'ya huɗu: Abdulbaƙi, Radiyya, Shehu da Ilu, da jikoki goma sha tara. Daga 1998 zuwa yau, babu gawar da ta sake kwana a Tankari saboda ruwa. Allah Ya jiƙansa da rahama.